Murhun Gashin da Na Saya wa Fermín

Litinin, 6 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Na sayi murhun gashi. Gara in rubuta a nan tun kafin 'yata Silvina ta gani ta fara yi mini wa'azi.

Tsoho ne, na hannu, irin na ƙarfe mai ƙafa huɗu. A bayan gidan wata mata na samo shi, can wajen tashar jirgin ƙasa, kaji sun mai da shi wurin kwana. Na mijinta ne, in ji ta, shekararsa shida da rasuwa, tun daga nan ba wanda ya hura masa wuta. Tsatsa ta cinye gindinsa har ina hango ƙasa ta ciki. Ƙafa ɗaya ta gaza sauran. Sarƙar da ke ɗaga ragar da ake shimfiɗa nama a kai ta daskare, wilin da ake murɗawa a ɗaga ta ko a sauke kuwa ko gezau, na rataya a kansa da duk nauyina. Mai motar da ya kawo mini shi ya tambaya ko wajen 'yan gwangwan za mu wuce da shi. Na ce ya sauke a tsakar gida ƙarƙashin lemon tsami, ya kama gabansa.

Yau kwana goma sha uku da Talatar da Fermín ya faɗi a banɗaki, tun ranar yana kwance a asibiti. Shekara talatin da takwas muna tare, ban san Lahadin da mijina bai gasa nama ba. Ko ranar da muka binne mahaifiyarsa sai da ya hura wuta, wai mutane sun dawo da yunwa. Murhunsa na bulo yana saman bene, shi ya gina shi da hannunsa. Matakala goma sha tara ne zuwa can. Ban ce ba zai hau ba. Cewa na yi ƙasa ta fi inuwa.

Ba ya cin abinci. Wannan ita ce maganar. Su kawo cokali, ya damƙe baki ya juya wa bango fuska. Likita ta ce maƙogwaronsa lafiya ƙalau, zai iya haɗiya, ƙi ne kawai yake yi, ƙarin ruwa ne ke riƙe da shi. In ya ci gaba a haka za su zura masa roba ta hanci, daga nan kuma ba gida zai dawo ba, gidan jinya za a kai shi. Na san mutumin da na aura. Ba a ba Fermín abinci a baki, shi ke ba mutane.

Ina da mako uku.

Talata, 7 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Burushin waya, kananzir, ruwan khal, tsofaffin jaridu. Sandunan ragar ashirin da biyu ne, masu kwari a tsakiya don kitse ya gangara kada ya ɗiga a wuta. Na kankare huɗu. Yatsuna sun yi ja kamar na mai gyaran barkono, farce biyu sun tafi.

Da azahar na je asibiti. Na ba shi labarin sanyi ya fara shigowa, karen maƙwabta ya sake tona mini shuka, an ɗauke ruwa da safe. Ban ce komai a kan murhu ba, sai ya gyaru. Ya ce, “A'a.” Kalmar da ta rage masa ke nan. Ka tambaye shi yana jin sanyi, a'a. Yana son a rufe shi, a'a, alhali yana jan bargon da hagu. Mutumin da mai nama ke roƙo ya yi shiru don a sallami na bayansa.

Na gyara masa hannun a kan bargo. Yana hutawa ne.

Alhamis, 9 ga Mayu, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Ta gani.

Silvina, 'yata guda ɗaya tilo, ta shigo da mijinta Gastón su kawo mini magunguna, suka same ni durƙushe ina goga. Ta tsaya riƙe da ƙugu.

“Mama, mene ne wannan?”

“Firji ne.”

“Ba wasa nake ba. Baba ko cokali ba ya iya riƙewa.”

“Ba a gashi da cokali.”

Daga nan ta ɓalle. Wai ta je ta ga gidan jinyar, yana da tsabta, akwai lambu, ma'aikatan suna da fara'a. Wai ina wahalar da kaina, ina neman abin da zan ɓuya a bayansa, in na yanke da wannan tsatsar marasa lafiya biyu za su yi mata yawa. Ta gaji, na gani a idonta, tun daga makarantar da take koyarwa ta biyo nan ko abinci ba ta ci ba. Amma halin ubanta gare ta, ni kuma nawa halin, sai muka yi ta sara a kan gaɓa ɗaya ba mai matsawa.

Gastón ya so ya raba. Ya ce, “Surukata, in asado ne damuwar, gashin naman Lahadi, ai ga ni. Ranar da ya dawo ni zan gasa, ku zauna ku ci.”

Yaron kirki ne Gastón, Allah ya sani. Amma da kananzir yake tada wuta, yana soka nama da cokali mai yatsa ruwan ya tsiyaye, yana juya shi kamar mai suyar ƙwai. Sau ɗaya ya matso da garwashi a murhun Fermín, shekara tara da suka wuce, Fermín ya miƙa masa kwanon latas kawai ya ce ya je ya taya matan gida aiki. Ba a taɓa wutar wani. Kowa a garin nan ya san haka, har yaran da ba su iya ɗaure takalmi ba.

Na ce masa na gode, amma gidan nan yana da mai gashi.

Juma'a, 10 ga Mayu, ƙarfe bakwai na safe

Sanda goma sha ɗaya. Saura goma sha ɗaya. Bai ci ba.

Asabar, 11 ga Mayu, ƙarfe ɗaya na rana

Na kira mai waldan ƙarshen layinmu, wanda kowa ke ce wa Don Hilario. Shekara talatin suna karta da Fermín duk Alhamis, suna zagin ƙungiyoyin ƙwallon juna. Ya zagaya murhun sau biyu, ya ƙwanƙwasa gindin da guduma, tsatsa ta zubo kamar garin kunu.

“Doña Nélida, wannan gawa ce. Fadan coci ya kamata ki kira, ba ni ba.”

Na ce in ba zai iya ba ya faɗa, akwai wani mai waldar a bayan kasuwa. Ya ce wancan ko bokiti ba ya iya liƙewa. Zai yanke gindin ya sa sabon falle, ya jera masa jan bulo a ciki, ya gyara kwandon ƙarfen da ake hura gawayi a gefe. Na ce ya ƙara wa gajeriyar ƙafar tsawo ta kamo 'yan'uwanta. Ya gyaɗa kai. Sai ya ɗora hannu a kan wilin, bai kalle ni ba.

“Wannan fa? A dama yake.”

“Na gani.”

“Ba wuya a mai da shi ɗaya gefen. Tunda dai ga inji a kusa.”

Na ji jini ya hau mini ka. Na ce masa walda na kira shi ya yi, ba duba ba. Fermín da dama yake murɗa wili, da dama yake riƙe wuƙa, da dama ya ci shi a karta shekara talatin. Ya cire hularsa ya sosa kai, ya ce to, ƙarfe ne, duk ranar da aka so a yanka zai yanku. Ya tura murhun a baro ya tafi da shi, ya bar mini ragar da sarƙar.

Na yi masa rashin kunya. Ba zan ba shi haƙuri ba yau.

Lahadi, 12 ga Mayu, ƙarfe biyu na rana

Tun sha ɗaya hayaƙi ya tashi a unguwa, gida-gida. Na rufe tagogi, ƙamshin ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Can gidan maƙwabciyarmu Zulema na ji an ce a tafa wa mai gashi, suka tafa, har da fito.

Na hau sama ɗauko kayan aikinsa. Na ƙirga, ban yi niyya ba, goma sha tara ne har yanzu. Ƙaramin shebur, ƙarfen tona wuta, allon yanka, gwangwanin gishiri mai tsakuwa, wuƙarsa a cikin kube. Tokar Lahadinsa ta ƙarshe tana nan a murhun. Shi ba ya kwashe toka sai ranar Laraba, wai sai ta huce har zuciyarta. Na ɗauki tsintsiya, na ajiye. Na zauna a kan kujerarsa na yi kuka iya son raina, ba mai gani sai tattabaru.

Na sauko na gama sanda biyar.

Talata, 14 ga Mayu, ƙarfe goma na safe

Sarƙa ta saki! Kwana uku tana jiƙe a kananzir, na bi ta ido-ido da filaya da ƙaramar guduma, yau ta kwanta a hannuna lagwai. Na shafe ta da man keke. Na yi dariya ni kaɗai a tsakar gida kamar wadda ta taɓu.

Don Hilario ya dawo da murhun, gindi sabo, bulo a jere, ƙafafu daidai, wili yana juyawa da yatsa ɗaya. A dama. Na ba shi kek ɗin da na toya, ya gane abin da nake nufi.

Gobe zan kai wa Fermín mate, shayin ganyenmu da ake sha a ƙoƙo, a ɓoye. Mako uku bai sha ba, mutumin da ke tashi da filas a hammata.

Laraba, 15 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Da dama ake miƙa mate, da dama ake karɓa. Uwata ta sha dukan hannuna a kan wannan tun ina ƙarama, miƙa wa mutum da hagu raini ne. To ni da wanne zan ba mijina?

Na ja labule, na cika ƙoƙon, na zuba ruwa daga filas. Da ya ji ƙamshin ya juyo, karo na farko ya juyo da kansa. Ya miƙo hagu. Na ce a'a, tsoho, yadda aka saba. Na ɗauki hannun damansa na buɗe yatsun, na sa ƙoƙon a ciki, na naɗe su a kai. Na ce riƙe. Na saki.

Ruwan ya kwarare a bayan hannun har wuyan hannu. Ina ganin tururi yana tashi daga fatarsa. Bai janye ba. Bai ko ƙifta ido ba. Kallon hannun kawai yake, yana yin ja a hankali, kamar na wani ne aka ajiye masa a gado. Sannan ya ɗago ya kalle ni.

Ni ce na yi ihu. Ma'aikaciyar jinya ta shigo da gudu, aka sa ruwan sanyi, aka naɗe. Yarinyar da ke koya masa motsa jiki ta ja ni waje ta ce, cikin ladabi, hannun ba ya jin zafi ko sanyi, an gaya mini tun makon farko, dole a nisanta shi da wuta da ruwan zafi. An gaya mini. Na tuna inda nake tsaye sa'ad da aka gaya mini.

Fermín da tafin dama yake auna wuta. Ya shimfiɗa shi a saman raga ya ƙirga, in ya kai goma kafin zafi ya kore shi, wutar haƙarƙari ta yi daidai.

Alhamis, 16 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Ban taɓa murhu ba yau.

Juma'a, 17 ga Mayu, ƙarfe tara na safe

Tun kafin ya ɗaga ƙofar shagon ina tsaye a bakinta. Don Hilario ya gan ni, ya ajiye makullin, ya jira.

Na ce, “A mai da wilin hagu.”

Ya ce to.

“Ƙafafun kuma a rage musu tsawo. Duka huɗun. Daidai yadda mai zama a keken guragu zai ga naman.”

“Har da wadda na ƙara wa tsawo ranar Litinin?”

“Har da ita.”

Ban san me ya sa na ci gaba ba, bai tambaye ni ba. Na ce masa ɓarin jikin Fermín ya shanye, hannun damansa ya mutu, ƙafar ma sai dai a ja, ba zai sake hawa benen nan ba. Na faɗe shi da ƙarfi a bakin titi, motar burodi tana wucewa. Ga shi na rubuta a nan ma. Ba abin da ya faɗo daga sama.

Ya share hanci da bayan hannu, ya ce sanyin nan na bana mugu ne. Sannan ya ce in wili ya koma hagu, kwandon wuta sai ya koma dama, nesa da shi, kuma sai an sami mai tsayawa a wurin yana ɗebo garwashi. Na ce akwai. Ya ce, “Kin taɓa?” Na ce shekara talatin da takwas ina kallo ta tagar kicin ina yanka tumatir. Ya ce shi ma shekara hamsin yana kallon ƙwallo, har yau bai ci ko ɗaya ba.

Lahadi, 19 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

An gama. Na shafa masa baƙin fentin da ke jure wuta ta waje kawai, ciki ba a fenti. Yau na ƙona shi, kamar yadda Fermín ke yi wa sabuwar raga. Jarida a dunƙule, katakon akwatin kayan miya, gawayi a sama. Ashana bakwai na ɓata. Da ragar ta yi zafi na goge ta da rabin albasa, na bi kowace sanda da kitsen sa har ta yi baƙi tana ƙyalli. Hayaƙinmu ya tashi tare da na mutane. Zulema ta leƙo ta katanga ta ce ko ya dawo ne? Na ce yana hanya.

Ban canja kaya ba na tafi asibiti. Tun ranar Laraba ba ya kallona, ni ma ba na iya kallon bandejin. Na zauna ta hagunsa. Can sai na ji an kama mini hannun riga. Ya ja shi zuwa hancinsa ya shaƙa, ya sake shaƙa, ya kalle ni da tuhuma, irin kallon wa ya hau mini sama.

Na ce ba wanda ya taɓa murhunsa, tokarsa ma tana nan. Na gaya masa duka, kajin, tsatsar, sarƙar, rashin kunyar da na yi wa Hilario. Na nuna masa hoto a waya. Na ce, “Wilin a hagu yake, tsoho. Ni na sa aka mai da shi. Ka yafe mini hannun.”

Ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce, “A'a.” Ban san wace iri ba ce. Da aka kawo abincin yamma ya juya wa bango fuska kamar kullum, amma bai saki rigar ba.

Laraba, 22 ga Mayu, ƙarfe uku na rana

Likita ta zaunar da mu ni da Silvina. Kilo tara ya zube. Ta ce ba za ta iya ƙara jira ba. Na roƙe ta ta ba ni shi daga Juma'a zuwa Litinin. Ta kalli Silvina, Silvina ta kalli hannuwana, duk sun tsage sun yi baƙi, ta ce wa likita ta ba ni shi. An yarda. In bai ci ba, ranar Litinin roba, daga nan gidan jinyar nan mai lambu. In zai ci, a yanka ƙanana, mai taushi, yana zaune a miƙe.

A mota Silvina ta ce, “In bai yi ba fa, Mama?” Na ce sai in sa hannu a takardar da kaina. Da gaske nake.

Juma'a, 24 ga Mayu, ƙarfe bakwai na yamma

Ya dawo. Gastón ya turo keken ta tsakar gida, ya bi ta gaban murhun a hankali da gangan. Fermín ya ɗaga kai ya kalli matakalar bene, ita kawai ya kalla har aka shige da shi. Ruwa rabin kofi ya sha.

Asabar, 25 ga Mayu, ƙarfe sha biyu na rana

Haƙarƙari, kwiɓi, buhun gawayi mai nauyi irin wanda ba ya tartsatsi. Mai nama ya ce a gaya wa Don Fermín shagon ya yi shiru da yawa. Miya cokali biyu Fermín ya sha, ita ma don Silvina ta yi kuka ne.

Lahadi, 26 ga Mayu, ƙarfe takwas na safe

Ba hadari. Na yi addu'a, na wasa wuƙa.

Lahadi, ƙarfe shida da rabi na yamma

Bari in bi shi daki-daki, kada in manta komai.

Ƙarfe goma na hura kwandon. Gastón ya fito da shi ya ajiye keken ƙarƙashin lemon, hannun dama a ɗaure a ƙirji, bargo a gwiwa. Ya kau da kai yana kallon katanga. Silvina tana jera faranti tana ƙarar da ba ta kamata ba. Don Hilario ya zo da burodi, ya ce masa, “Kai rago, ka gudu asibiti ne don kada in rama kartata.” Ko kallo bai samu ba.

Na barbaɗa wa naman gishiri, na shimfiɗa haƙarƙarin ƙashi a ƙasa. Na fara ɗebo garwashi da shebur ina bazawa a ƙarƙashin ragar. Ina sauri, ban lura ba na haɗo da gawayin da bai gama kamawa ba, baƙi ƙirin, yana fitar da hayaƙin nan mai sa ciwon kai. Sau dubu na ji yana faɗa, ja kaɗai ke shiga ƙarƙashin nama.

“A'a.”

Na waiwaya. Ba katanga yake kallo ba. Yatsansa na hagu yana nuna baƙin gawayin, fuskar nan a murtuke, ɓarin da ke motsi ya yi fushin duka biyun. Na tsince shi na mayar kwando. Ya nuna wani. Na cire. Ban tambaye shi ba, na kama keken na tura shi gaban wilin, na taka birki, na koma wurina a dama.

Mun fi minti biyar a haka. Kitse ya fara tartsatsi, ni ma na ji wutar ta yi yawa, amma na haɗiye, ba wutata ba ce. Sai ya ɗaga hagu ya shimfiɗa tafin a saman ragar. Leɓɓansa suna motsi, ba abin da ke fita. Na ƙirga masa a fili. Ɗaya, biyu, uku. A shida ya janye. Ya kama wilin ya murɗa, sarƙar ta yi ƙara, ragar ta tashi. Ya sake shimfiɗawa. Goma cif.

Awa biyu da rabi muka yi. Ya nuna da haɓa, in zuba garwashi a nan, in rage a can. Sau ɗaya aka juya naman, sa'ad da ya ga dama, ba sa'ad da na ga dama ba. Gastón ya matso da cokali mai yatsa wai zai duba kwiɓin, Fermín ya daka masa “A'a” da har karen maƙwabta ya amsa. Don Hilario ya miƙa wa Gastón kwanon latas. Silvina ta yi dariya ta shige kicin, na san kuka ta je yi.

Saura abu ɗaya. Fermín bai taɓa kai wa mutane naman da bai ɗanɗana ba, a tsaye, a bakin wuta, kafin kowa. Na yanko gefen kwiɓin inda ya fi taushi, na daddatsa ƙanana a kan allonsa, na ajiye a kan gwiwarsa ta hagu. Ban ce ci ba. Ban ɗauko cokali ba. Na juya masa baya na kama tona garwashin da ba ya buƙatar tono.

Na ji an ƙwanƙwasa allo. Na juyo. Yana tauna, a hankali, ta gefe ɗaya, maiƙo yana gangaro masa a haɓa. Ya haɗiye. Ya nuna gwangwanin gishiri, ya harare ni. Gishiri bai ji ba. Shekara talatin da takwas ina dafa wa mutumin nan abinci.

A tebur ya ci yanka goma sha ɗaya, na ƙirga, da hannunsa, da ɗan burodi jiƙe a romon allo. Silvina ta ɗauki hoton farantin ta aika wa likita. Gobe za mu je a auna shi, mu dawo tare.

Aka ƙoshi. Lokacin tafa wa mai gashi ne, kowa ya sani, amma ba wanda ya san yadda zai faɗa. Don Hilario ya gyara murya ya ce, “To, a tafa wa mai gashi,” yana kallon tsakaninmu. Suka tafa. Fermín ya girgiza kai. Ya kalli hannun da ke ɗaure a ƙirjinsa, ya ɗaga hagun a sama, ya rasa abin da zai buga shi da shi. Ni yake kallo.

Na miƙa masa tafina na dama. Ya tafa a kai, sau ɗaya, sau biyu, ya yi ta tafawa da ƙarfinsa.

Da zafi, hannun duk a tsage yake. Ban janye ba.